Busasshen Ruwa

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Don rubuta odar kaya na sayi littafin nan. Tun da odar ba ta zo ba, bari ya ci wannan.

Auta tana asibiti, yau kwana biyu. Ita ce ƙaramarmu, ita ce kuma mai karatun gidan. Ni a shekara ta biyu na sauka daga motar kwaleji na faɗa kasuwa, ina sayar wa makarantu kwalabe da safar hannu da sinadarai. Ita ta zarce har ta zama malama a jami'a, tana da teburinta a ɗakin gwaji. Ranar Litinin da hantsi kwalbar gwaji ta fashe mata a fuska.

An naɗe idanun duka biyu. Likita ya ce na hagu zai dawo. Na ce na dama fa, ya ce a bari a gani. Na san wannan muryar. Da ita nake ce wa mai saye kayansa suna hanya.

Umma tana kan kujerar roba a gefen gado tun shekaranjiya. Na kai ayaba, ba wanda ya taɓa. Na ci biyu a tsaye.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na buɗe shago. Na rufe shago.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Farfesa ta zo dubiya, ita ce shugabar sashensu Auta. Doguwar mace, tana magana kamar da cokali take auna kalmomin. Da za ta tafi ta yafuto ni waje.

"Kai ne yayan nata, mai kawo mana kaya?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"An kafa kwamiti. Nan da mako uku suna son bayaninta a rubuce."

Na ce ai tsautsayi ne.

"Danshi ne," in ji ta. "Abin da take aiki da shi ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Hanya biyu ce kuma danshin zai bi ya shiga. Ko dai kwalbar gwajinta ba ta bushe ba, ko kuma ruwan narkarwar da ta zuba a kai ba busasshe ba ne. Shi ruwan narkarwar na gan shi, na kamfani ne, da hatiminsa a baki. Ba wanda zai tuhume shi."

Na ce haka ne.

"In suka ce sakacinta ne, za su karɓi makullin ɗakin, ba kuma za su sabunta mata aiki ba. Shekararta shida a kan wannan abu."

Na ce Allah ya kyauta. Na raka ta har mota, na buɗe mata ƙofa, na rufe a hankali.

Kwalbar ruwan narkarwar daga shagona ta fita.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ba kasuwa yau. Na kwanta, ban yi barci ba, ban kuma tashi ba.

Wata biyu da suka wuce na kai musu kaya, Auta ta ja hannuna ta ce in zo in ga abin da ke hana ta zuwa gida. Yana cikin wani akwatin gilashi da aka kore wa iskar duniya, sai dai ka zura hannu ta wasu baƙaƙen safar roba da ke manne a jikinsa. Ta ɗago wata 'yar kwalba, ba ta fi yatsa ba. A ciki wasu siraran allurai ne jajaye, ja mai kyau irin na garwashi idan an hura shi. Da hannunta ta haɗa su, wata uku tana yi.

Na ce ya sunan malam.

Ta nuna min takardar jikin kwalbar, an rubuta WOCl4. "Tangistin ɗaya, ƙarfen nan na zaren cikin ƙwan fitila. Oksijin ɗaya. Sai kulorin huɗu."

Na ce mutum ɗaya da hula ɗaya da 'yan rakiya huɗu, ashe babban mutum ne.

"Babban mutum ne mai tsoron wanka, kamar yadda Umma ta ce kake yi kana yaro. Da zarar ya haɗu da ruwa, ko da na numfashinka ne, 'yan rakiyar nan huɗu sai su sake shi su tashi, su zama iskar asid. Shi kuma a bar shi nan garin hoda rawaya."

Na ce to ke me kike nema wurin matsoraci.

"Rawayar nake nema. Amma lokacin da na ga dama, a hankali, a shimfiɗe siriri a kan gilashi. In ka ba gilashin 'yar wutar lantarki sai ya yi shuɗi ya tare rana. Ka juya wutar ta ɗaya fuskar, ya washe."

Na ce a rubuta ni dillali na farko, kafin 'yan baƙin ciki su ji.

Ranar ce ta ce kamfanin da ke kawo musu ruwan narkarwa ya ce sai nan da wata uku. Wani sinadari ne fari tas kamar ruwan sha, amma ba dangin ruwan sha ba ne, a cikinsa ake narkar da irin waɗannan abubuwa. Ta ce, "Yaya, kana da busasshe?"

A kasuwa Akwai ake kirana. Shekara goma sha biyar ban taɓa ce wa mai saye babu ba.

Talata, ƙarfe goma na safe

Mai Sikeli, maƙwabcin shagona, ya leƙo da kofin shayinsa.

"Akwai, lafiyarka kuwa? Mutum ya zo neman takardar tacewa, da kunnena na ji ka ce ya duba gaba."

"Ta ƙare."

"Da can da ba ta ƙarewa fa? Kai da in an ce ana neman hawayen sauro cewa za ka yi a ba ka minti goma."

Ya tambayi jikin Auta, na ce da sauƙi. Ya zauna a kan katan ɗin safar hannu ya miƙe ƙafa, ya ce don in ɗan saki fuska bari ya tuna min wani abu.

"Ranar busasshen ruwa. Har gida na kai labarin nan, matata ta yi dariya har ta ƙware. 'Yan boko ke nan. Gobe cewa za su yi a kawo musu jiƙaƙƙiyar wuta."

Ni na fara wannan barkwancin. Ranar da na dawo daga wurinta ni na tara su a bakin shagon nan, na ce a zo a ji, ƙanwata tana neman ruwan da ya bushe.

Ya miƙe. "Af, ka gama da abin matse murfin nan? Mai shi ya dame ni."

Na ɗauko na ba shi. Ya tafi ya bar kofinsa a kan katan. Har yanzu yana nan, ƙuda biyu a ciki.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Umma ta biyo ni har bakin matakala. Ta ce, "Babba, kai ka san mutane, ka san bakin da ake yi musu magana da shi. Ka je ka ga 'yan kwamitin nan. Kada su haɗa mata da ciwo da kora."

Na ce to, Umma.

Ta gyara min wuyan riga. Ta ce na rame.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ba wai ban sani ba ne. Wannan nake ta juyawa.

Na san iri biyu ne. Suna ɗaya, wari ɗaya, kala ɗaya. Ɗaya a jarka yake zuwa. Ɗayan a ƙaramar kwalba mai duhu, da roba a baki da zoben ƙarfe ya matse ta, ba a buɗe shi, sai dai a soka allura a zuƙa. An koya mana a kwaleji cewa tsane masa ɗan danshin cikinsa ake yi, shi ya sa ake ce masa busasshe. Ina ajin ranar. Amma na daɗe a kasuwa, na ɗauka irin "na musamman" ɗin nan ne da mu ma muke liƙa wa kaya idan sun ƙi tafiya.

Ina da na jarka. Ina kuma da kwalbar wancan, fanko, a cikin tarkacen da na kwaso daga wata makaranta da ta rufe. Takardar jikinta ko ƙwarzane babu. Ƙura ce kawai a ciki.

Na ce kayan Auta ne, ba zan kai mata abu da datti ba. Na cire tsohon zoben, na wanke kwalbar da sabulu, na ɗauraye sau uku a famfon bayan shago, na kife ta a kan katan. Sai ga mai saye, sai ga wani. Da na dawo na girgiza ta sau biyu, na ga ta yi. Na cika ta daga jarka, na sa sabuwar roba, na matse. Ni kaina da na riƙe ta sai da ta burge ni.

Da wani ne ba Auta ba, da ban wanke ba.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na buɗe shago.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Na je jami'a ɗauko jakarta da tabaranta. Wani dattijo mai kula da ɗakin gwajin ya buɗe min. Ya ce shi ya riƙe kanta a ƙarƙashin famfo minti ashirin ranar, tana ta ce masa ya ƙara, kada ya tsaya.

An share gilasan. Amma hodar rawayar tana nan a lungunan teburin, da saman rufin wurin da take aiki, inda tsintsiya ba ta kai ba. Wurin yana ɗan warin da ke kama maƙogwaro.

"Yarinyar nan," in ji dattijon, "ban taɓa ganin mai tsantseni irinta ba. Allura ma sai ta gasa ta. Amma ka san hannu, wata rana sai ya riga kai."

Na ce haka ne, Baba.

Ya tafi neman makullin durowarta. Kwalbar da na kawo mata tana kan kanta ta biyu ta jera kwalabe, tsakanin wasu irinta. Ba a ko matsar da ita ba. Na ɗauke ta na ɗaga saitin taga. In ka karkata ta, akwai wasu 'yan ɗigo suna yawo a saman sinadarin, kamar idon kifi, sun ƙi haɗuwa da shi. Ruwan famfon bayan shagona ne. Duk wanda ya ɗaga ta zai gani. Ba wanda ya ɗaga, saboda hatimin yana da kyau.

Aljihun rigata babba ne. Ba kowa a ɗakin.

Na mayar da ita inda take. Na juya takardar jikinta ta kalli waje, yadda ake jera kaya. Ban san me ya sa ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

An kwance na hagu. Tana ganin haske da duhu, da mutum idan ya motsa. Na shiga ban yi magana ba, ta ce, "Yaya, don Allah ka daina kawo ayaba. Nas ɗin nan har ta fara ƙiba."

Na ce ya aka yi kika gane ni. Ta ce warin katan.

Yau ne karon farko da ta ba da labarin. Umma ce ta tambaya. Ta ce ta sa jajayen alluran a kwalbar gwaji ta toshe, ta zuƙo ruwan narkarwa da sirinji ta tura ciki. Tun ba ta gama turawa ba ta ga jan yana komawa rawaya, abin yana tafasa ba wuta. Ta kai hannu za ta buɗe wa iskar hanya, ba ta kai ba.

Na ji bakina ya ce, "To daga ina danshin ya shiga?" Da muryar shago na faɗa, lafiya lau, har da ɗan mamaki.

Ta juyo da fuskarta wajena. Idon ja ne, yana ruwa, ba ya tsayawa wuri ɗaya.

"Kwalbata ce. Wataƙila ban busar da ita sosai ba."

Umma ta ce, "Ke? Ke da cokali ma sai kin goge sau biyu kin hana mu ci da shi?"

"Umma."

"To na yi shiru."

Ranar Litinin da na je, dattijon ya nuna min tanderun da suke gasa kwalabe. Ya ce nata kwana suke yi a ciki.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ta sani.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

An sallame ta, tana gidan Umma. An saki labule a falo, tana zaune da baƙin tabarau kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Na dama har yanzu a bari a gani.

Wani malamin makaranta ya zo shago neman asid na gwaji. Ya ɗaga kwalbar ya ce mai kyau ne dai ko. Na tsaya ina kallonsa har ya ajiye ya fita. Mai kyau ne kuwa.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Umma ta ce na ga 'yan kwamitin? Na ce ana kan magana.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na rufe shago. Ban tuna na buɗe ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Gobe ne ranar ƙarshe ta kai bayanin. Auta ta aiko in zo da biro da takarda. Ta ce haruffa kamar tururuwa take ganinsu, ni zan rubuta, ita za ta faɗa. Ta ce wa Umma ta ɗora mana shinkafa, ta kuma ja ƙofar kicin saboda hayaƙi yana damun idon.

Na zauna a ƙasa, na ɗora takardar a kan ƙaramin tebur.

Ta faɗi rana da lokaci da lambar tebur, na rubuta. Ta faɗi nauyin jan abin da ta auna, na rubuta. Sai ta ce, "Ban tabbatar kwalbar gwajin ta bushe ba kafin in fara. Ruwan narkarwar kuwa busasshe ne, a rufe na same shi."

Ta ci gaba, ni ma na ci gaba, amma ba hanya ɗaya muka bi ba. Na rubuta jarkar. Na rubuta kwalbar fanko da inda na samo ta, da sabulu, da famfon bayan shago, da abin matse murfi. Na rubuta kanta ta biyu, na ce a ɗaga kwalbar saitin taga a karkata ta.

"Yaya."

"Na'am."

"Tun ɗazu na yi shiru, biron bai yi ba. Karanta min."

Da na ga dama da na karanta mata nata daga ka, kalma ba za ta faɗi ba. Na iya wannan. Da shi na ci abinci shekara goma sha biyar.

Na karanta abin da ke kan takardar. Muryata ba ta yi komai ba, kamar ina karanta jerin kaya. Na kai ƙarshe. Ana jin Umma a kicin tana kankare tukunya.

"Sau nawa ka ɗauraye?"

"Uku."

"Ta yi minti nawa a kife?"

"Kamar goma."

"Sa wannan, za su tambaya. Inda ka ce hayaƙi kuma ka gyara, iskar asid ce."

Na gyara.

"Ka san za su kai ka hukuma. Za su karɓe takardar izininka."

Na ce na sani.

"Ƙara wannan a ƙasa. Ban gwada ruwan narkarwar ba kafin in yi aiki da shi. Doka ce a gwada, minti biyar ne. Ban gwada ba saboda..."

Na riƙe biro ina jira. Ta cire tabaran ta goge idon da bakin mayafi ta mayar.

"Saboda me zan rubuta?"

"Ka sa aya."

Na sa aya. Na kama hannunta zan kai shi kan layin sa hannu, ta zare. Ta ɗauki takardar ta kawo ta dab da idon hagu, hancinta yana taɓa ta, ta lalubi layin da kanta. Sa hannun ya ɗan hau sama, amma nata ne.

Ta miƙo min. "Kai za ka kai. Umma ma kai za ka faɗa mata. Ni na gaji."

Umma ta fito da faranti uku tana tambaya ko mun gama aikin boko. Auta ta ce mun gama. Muka ci. Ni na cinye nawa, har da ƙari.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai. Farfesa ta karanta a tsaye, ta koma farko ta sake karantawa. Ta kira dattijon ta ce kada kowa ya taɓa kanta ta biyu sai kwamiti ya zo. Ta ce za a ja wa Auta kunne a kan rashin gwajin, a rubuce, amma makullin ɗakin yana durowarta, nan zai zauna har mai shi ta warke. Ni kuma ta ce zan ji daga hukuma. Ta koma kan aikinta. Na ɗan tsaya, na ga ba sauran magana, na fito.

Yanzu ina cikin mota a ƙofar gidan Umma, na kashe inji tun ɗazu. Ta ga motar. Sau biyu tana ɗaga labule, yanzu ta fito bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana yafuto ni, wai abinci yana hucewa.